Neman dokar Nijar da yarjejeniyoyin duniya a wayar hannu: amsa ga wata ɗaliba daga wajen Maigatari

Wata ɗalibar lauya 'yar aji biyar ta aiko mini da tambaya daga ƙauyensu da ke kusa da Maigatari. Tana rubuta kundin kammala digiri a kan makiyaya da fataken shanu masu tsallaka iyakar Najeriya da Nijar, ga shi hutu ya riske ta a gida, ba laburare, ba kwamfuta, sai waya da 'yar data. Ta ƙara da cewa kawunta dillali ne a kara, wani ɗan kasuwa daga wajen Damagaram ya riƙe masa kuɗin shanu, shi ne yake tambayarta ko dokar ƙasa da ƙasa za ta karɓo masa haƙƙinsa. Tana so ta san inda za ta samo waɗannan dokoki a intanet.

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya sa ki kammala lafiya. Wayar da ke hannunki ta isa ta kai ki ga mafi yawan abin da kike nema, kuma kyauta. Samo takarda ba shi ne mai wuya ba a yau. Inda ɗalibaina suke tuntuɓe shi ne bayan sun samo ta: ba sa tsayawa su tambayi ko tana aiki, kan wa take aiki, tun yaushe, kuma ko an taɓa ta bayan ranar da aka buga ta. A kan wannan zan fi tsayawa.

Da farko, kin zuba abu biyu a ƙwarya ɗaya, sai mun raba su. Dokar ƙasa da ƙasa ita ce wadda ke tsakanin gwamnatoci: yarjejeniyoyin da suka ƙulla, da al'adar da suka daɗe a kanta har suka ɗauke ta wajibi, da sauran tushen da sashe na 38 na dokar kafa Kotun Duniya ya lissafa. Dokar wata ƙasa kuwa ita ce dokar cikin gida ta mutanen da ba mu ba, kamar dokar Nijar ko ta Saudiyya. Maganar kawunki tana cikin ta biyun. Kotun Duniya da ke birnin Heg ba ta karɓar ƙarar mutum, ƙasashe kaɗai ke gurfana a gabanta, kamar yadda Kamaru ta kai Najeriya a kan Bakasi da yankin tafkin Chadi aka yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002. Kundinki kuwa yana buƙatar duka biyun, kuma kowanne da ƙofarsa.

Mu fara da Nijar, tunda ita ce a bayan gidanku. Kada ki faɗa Google ki rubuta "dokar Nijar" kai tsaye. Ki fara da GlobaLex, shafin tsangayar koyon aikin lauya ta Jami'ar New York. Lauyoyi da ma'aikatan laburare ne ke rubuta jagora a kan ƙasa ɗaya bayan ɗaya: yadda kotunanta suke hawa-hawa, wa ke yin doka, ina ake buga ta, wane harshe ne na hukuma. Kowace jagora tana ɗauke da shekarar da aka rubuta ta ko aka sabunta ta, kuma ita ce abin da za ki fara dubawa. Daga nan za ki gane cewa Nijar tsarin Faransa ta gada, inda kundin doka ke kan gaba, hukuncin alƙali yana biye. Mu kuma tsarin Ingila muka gada, inda lauya ba ya buɗe baki sai da hukuncin da ya gabata a hannunsa. Ɗalibin da ya shiga dokar Nijar yana neman tarin hukunce-hukunce irin na kotunanmu zai sha yawo a banza.

Rumbun da zai fi yi miki amfani shi ne FAOLEX, na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Dokokin filaye, ruwa, dabbobi, daji da kamun kifi na ƙasashen duniya ne a ciki. Ki zaɓi ƙasar Nijar, ki rubuta kalmar pastoralisme ko transhumance, domin da Faransanci aka rubuta dokokin, da shi kuma za su amsa miki. Biyu ne ba za ki yi kundin nan ba tare da su ba. Ta farko doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris, 1993, wadda ta aza harsashin dokar karkara ta Nijar, ta kuma kafa kwamitocin filaye da ke rubuta haƙƙin gona da makiyaya. Ta biyu doka mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu, 2010, a kan kiwo, wadda ta ce yawon makiyayi da dabbobinsa haƙƙi ne nasa na asali. Ki ajiye wannan a gefe ɗaya, ki ajiye dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 da dokar amfani da ƙasa ta 1978 a ɗaya gefen, ki karanta su tare. A ganina babin da zai fi ɗaukar hankalin mai duba kundinki ke nan, domin Bafulatanin da ya kwana a Nijar ya wayi gari a Jigawa da garkensa, burtali ɗaya yake bi, amma dokoki biyu masu bambancin tunani ne suke kallonsa.

Faransanci kada ya tsorata ki. Manhajar fassara za ta nuna miki inda maganar ta dosa, ki san wane sashe ne naki. Amma duk sashen da za ki ɗauko ki sa a kundi, ki kwafo shi da Faransancinsa, ki nemi wanda ya yi boko a Nijar ya karanta miki shi. A Maigatari ba za ki rasa irinsu ba ranar Alhamis da kasuwa ke ci. Fassarar na'ura takan mayar da wajibi ya koma zaɓi, kuma a doka kalma ɗaya ke raba mai gaskiya da mai laifi.

Dokar ciniki ta Nijar kuwa ba a Yamai kaɗai ake yin ta ba. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1993 domin su yi amfani da dokar kasuwanci iri ɗaya. Chadi da Kamaru da Benin duk suna ciki, wato duk maƙwabtanmu na kan tudu, kuma babbar kotunsu tana Abijan. A shafukan ohada.org da ohada.com za ki samu dokokin. Wadda ta shafi saye da sayarwa tsakanin 'yan kasuwa an sabunta ta a 2010. Wadda ta shafi karɓo bashi ta hanya mai sauƙi an yi ta a 1998, aka sabunta ta a 2023. Ki lura da wannan sosai, domin tsohuwar tana nan birjik a intanet, kuma sau da yawa ita ce ke fara fitowa idan an bincika. Don hukuncin manyan kotunan ƙasashe masu Faransanci, akwai Juricaf.

Haka nan kundin tsarin mulki. Shafin Constitute ya tara kundin tsarin mulkin ƙasashen duniya da Turanci, kuma yana da daɗin aiki wajen kwatantawa. Za ki ga na Nijar na 2010 a tsare tsaf. Amma sojojin da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli, 2023 sun dakatar da shi. Takardar ba za ta faɗa miki haka da bakinta ba, sai kin haɗa da labarai da sanarwar hukuma. Abin da ke da cikakken iko a kowace ƙasa shi ne abin da aka buga a gazet ɗinta, wato jaridar da gwamnati ke wallafa dokokinta a ciki, sauran shafuka masu kawo miki saƙo ne kawai.

Yanzu yarjejeniyoyi. Gidansu na farko shi ne treaties.un.org. Sashe na 102 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya wajabta wa ƙasashe su yi rajistar yarjejeniyoyinsu a sakatariyarta, shi ya sa suka taru a can. Abin da nake so ki koya a shafin shi ne karanta jadawalin matsayi. Idan kika buɗe wata yarjejeniya, sama za ki ga wurin da aka ƙulla ta da ranar da ta fara aiki. Ƙasa kuma sunayen ƙasashe ne a jere, da layi biyu na kwanan wata a gabansu. Layin farko ranar sa hannu ce. Na biyu ranar da ƙasa ta miƙa takardar amincewa ta ɗaure kanta, kuma wani lokaci za ki ga ɗan ƙaramin harafin "a" a kusa da ranar, ma'ana ƙasar ta shigo ne daga baya ba tare da ta sa hannu tun farko ba. A waya sai kin kwantar da ita ta gefe kafin layukan biyu su fito tare, in ba haka ba za ki ɗauki wannan a matsayin wancan. Gwada da yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989. Najeriya ta sa hannu a 1990, ta amince a 1991. Gangara zuwa Amurka: ta sa hannu a 1995, layi na biyu kuwa fayau yake har yau. Sa hannu kamar kai kuɗin gaisuwa ne, amincewa ita ce ɗaurin aure.

Kada ki rufe shafin a nan. Ki ci gaba da gangarawa har ƙasan jadawalin, inda ƙasashe ke rubuta sassan da suka ce ban da su. Yarjejeniyar kawar da wariya ga mata ta 1979 misali ce mai kyau a gare ki. Najeriya ta amince da ita a 1985 ba tare da togiya ba. Nijar ta shiga a 1999, amma ta toge wasu sassa, ciki har da waɗanda suka shafi aure da iyali. Wanda ya tsaya a jadawali zai rubuta cewa ƙasashen biyu matsayinsu ɗaya.

Sai babban shingen da ya fi kayar da ɗalibai, wato sashe na 12 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999. Ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka a cikin ƙasar nan sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta mayar da ita doka. Na taɓa zama a wajen kare kundi, wani yaro mai ƙoƙari ya gina babi guda a kan cewa mace za ta iya shiga babbar kotun jiha ta nemi haƙƙinta kai tsaye da wata yarjejeniya, don kawai ya ga sunan Najeriya a jadawalin amincewa. Tambaya ɗaya aka yi masa: wace doka ce ta shigo da ita gida? Ya juya takardunsa, ya sake juyawa, ya yi shiru. Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron ya yi karatu, mataki ɗaya ne ba a nuna masa ba. Misalin wadda aka shigo da ita gida ita ce Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummai ta 1981. An mayar da ita dokar Najeriya a 1983, kuma a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa kotunanmu za su yi aiki da ita, sai dai tana ƙarƙashin kundin tsarin mulki. Ki nemi hukuncin ki karanta shi da kanki, kada ki tsaya a taƙaitawar littafin aji. NigeriaLII da AfricanLII da CommonLII su ne wuraren da zan fara dubawa don hukunce-hukunce da dokoki na kyauta. 'Yan gida ɗaya ne da WorldLII da BAILII na Birtaniya, duk a kan aƙidar cewa doka ta jama'a ce, bai kamata sai mai kuɗi zai karanta ta ba.

Kundinki zai fi jingina da takardun ECOWAS. Akwai yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba biza. Akwai kuma matsayar shugabanni ta 1998 a kan ƙetare iyaka da dabbobi, mai lamba A/DEC.5/10/98. Ita ce ta tanadi takardar shaidar da makiyayi zai riƙe, mai nuna yawan dabbobinsa da irinsu, da rigakafin da aka yi musu, da hanyar da zai bi. Idan kika rubuta lambar nan a wajen bincike za ki fi saurin samunta fiye da rubuta sunanta. Amma ga inda maganar kwanan wata ta sake dawowa: ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. A ranar ƙungiyar ta fitar da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a kuma bar musu zirga-zirga har sai an ji wani sabon umarni. To kin ga yanzu abin da ke riƙe da ƙofar Maigatari a buɗe ba nassin 1979 kaɗai ba ne, har da wata sanarwa da za a iya sauyawa. Duk maƙalar da aka rubuta kafin 2025 ba ta san da wannan ba. Idan kika fito da shi fili a kundinki, kin kawo abin da littattafan laburare ba su kai gare shi ba tukuna.

Kotun ECOWAS tana Abuja, hukunce-hukuncenta suna shafinta. Tun 2005 mutum ɗaya zai iya kai ƙarar gwamnati gabanta a kan tauye haƙƙi ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba, kuma shari'ar Hadijatou Mani da Nijar ta 2008 a kan bauta ita ce wadda kowa ke fara karantawa. Yarjejeniyoyin Tarayyar Afirka suna au.int, kowace da takardar matsayinta. Kotun Afirka da ke Arusha kuwa, Najeriya ta amince da kafa ta amma ba ta ba da sanarwar da za ta bar ɗaiɗaikun mutane su kai ta ƙara kai tsaye ba. Idan kin taɓo maganar ruwan sha na dabbobi, ki nemi yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Najeriya da Nijar a kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa, da ta kafa Hukumar Tafkin Chadi ta 1964. Kogin Haɗejiya tafkin Chadin yake nufa.

Bari in ɗan ratse, domin na san ranar da aka ji kin zama lauya, tambayar da za ta fi yi miki sallama a ƙauye ita ce ta masu tafiya aikatau Saudiyya. Dokokin Saudiyya suna shafin hukumar ƙwararru ta majalisar ministocinsu, laws.boe.gov.sa, gazet ɗinsu kuma sunanta Ummul Ƙura. Nassin Larabci shi ne abin dogaro, kuma nan wanda ya yi islamiyya da kyau yake da rinjaye a kan wanda Turanci kaɗai ya iya. Ki sani kuma dokar ƙwadagonsu ta 2005 ta cire masu aikin gida daga cikinta, su ƙa'ida daban aka yi musu. Wanda ya karanta wa 'yar aikin gida babbar dokar ya ba ta haƙƙin da ba nata ba. Rumbun NATLEX na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya zai nuna miki dokokin aiki na kowace ƙasa, NORMLEX kuma ya nuna yarjejeniyoyin da ta amince da su.

Don fahimtar darasi, ɗakin karatu na sauti da hoto na Majalisar Ɗinkin Duniya, a legal.un.org/avl, yana da laccocin manyan malamai da alƙalan kotunan duniya, kuma akwai su a sauti zalla, wanda ba ya cin data kamar bidiyo. Maƙalu kuwa ki duba SSRN da Google Scholar. HeinOnline da Westlaw da LexisNexis na kuɗi ne. Idan kin koma makaranta ki tambayi ma'aikacin laburare ko suna da rajistar GOALI, shirin da ke buɗe wa jami'o'in ƙasashe masu tasowa mujallun shari'a. Yawancin ɗalibai har su gama ba sa yin wannan tambayar.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa, ki yi hattara da su. Suna iya ba ki sunan shari'a da lambarta da shekararta, alhali ba a taɓa yin ta ba. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro musu. Duk abin da manhaja ta ambata miki, sai kin gan shi da idonki a shafin kotun ko na hukumar kafin ya shiga kundinki.

Game da data da sabis, kada ki yi karatu a kan intanet, ki yi ɗiba ne. Da rana ki zauna da littafi da biro ki rubuta sunayen takardu biyar ko shida da kike so, da lambobinsu. Idan dare ya raba, lokacin da sabis ke sakin jiki kuma datar dare ta fi araha, ki sauke su gaba ɗaya ki kashe. Kowace kika sauke, ki sake mata suna nan take: ƙasa, lambar doka, shekara. Na sha karɓar wayar ɗalibi in ga takardu talatin duk sunansu tarin lambobi marasa ma'ana, shi kansa bai san wacce ce wacce ba. A littafin naki kuma ki rubuta shafin da kika samo ta da ranar da kika sauke, domin za a tambaye ki, kuma jadawalin matsayi yana sauyawa. Idan za ki kai waya wajen mai caji a kasuwa, ki tura kwafin takardun zuwa imel ɗinki tukuna.

Saura kawunki. Ki gaishe shi, ki ce ina yi masa jaje. Ki faɗa masa cewa maganarsa ta bashi ce tsakanin 'yan kasuwa biyu, kuma tambayoyin da lauya zai fara yi masa su ne: a ina aka yi cinikin, su wa suka shaida, akwai rubutu ko saƙon waya ko shaidar tura kuɗi, da naira aka yi ko da sefa, kuma ina dukiyar mutumin take. Idan a karar Maigatari aka tafa, yana da hujjar cewa dokar Najeriya ce ke hukunta cinikin, sai dai hukuncin kotunmu ba ya tsallaka iyaka da ƙafarsa, sai an bi wasu matakai a kotun can kafin a zartar da shi. Idan kuma a Nijar zai kai ƙara, lauyan can yake buƙata, kuma dokar OHADA ta karɓo bashi ita za a duba. Ki riƙe wannan ma don jarrabawa: a kotun Najeriya dokar wata ƙasa ba abin da alƙali zai ɗauka ya sani ba ne, sai an tabbatar da ita ta bakin ƙwararre, kamar yadda sashe na 68 da na 69 na dokar shaida ta 2011 suka tsara. Takardar da kika sauke daga intanet za ta haska miki hanya, amma ba za ta tsaya a madadin wannan ƙwararren ba.

Kafin duk wannan, ni da zan ba shi shawara, ya fara da shugabannin kara da dillalan da suka san mutumin, domin wanda ke cin kasuwar Alhamis ba ya son a ce ba a ba shi shanu bashi kuma. Ke kuma ki bi shi wajen zaman idan sun yarda, da littafinki a hannu. Ki rubuta yadda suke yanke irin wannan magana, wa ke tsaya wa baƙo, me ake yi wa wanda ya ƙi biya, sannan ki tambayi makiyaya biyu ko uku ko sun taɓa riƙe takardar shaidar nan ta 1998 a hannunsu. Abin da suka faɗa miki ki turo mini shi tare da babinki na farko, in duba.